Kafin ƙarfe ya sauka a wuyan wani

Samarin Birni sun rungumi ɗaga ƙarfe, kuma abin yana yaɗuwa da sauri. Da la'asar, in ka ratsa lungunan da ke kewaye da fadar Sarkin Damagaram, ka fita zuwa Zango ko Sabon Gari, da wuya ka rasa jin ƙarar ƙarfe daga wani kango ko wani tsakar gida. Benci na katako. Bututu da aka daskara wa siminti gefe da gefe. Yaro kwance rigingine, nauyi bisa fuskarsa, abokai sun kewaye shi suna ƙirga masa. Ba na neman a hana kowa motsa jiki. Saurayin da ke gina jikinsa abin kirki yake yi, kuma ina so ya ci gaba. Amma in aka bar abin yadda yake tafiya yanzu, za a yi asara. Wasu za su rasa kafaɗa. Wasu za su rasa ƙoda. Wani zai rasa ransa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ɗaga ƙarfe ya daɗe a garin nan. Fim ɗin Zinder, wanda Aicha Macky 'yar Damagaram ta fitar a 2021, ya nuna wa duniya samarin unguwar Kara-Kara da ake ce wa 'yan palais suna ɗaga nauyin da suka haɗa da hannunsu. Abin da ya sauya shi ne yawan masu yi da ƙarancin shekarunsu. Yau ɗan makaranta yana yi, yaron makanike yana yi, ɗan kabu-kabu yana yi. Malaminsu kuwa waya ce. Suna kallon wani ƙato a TikTok ya tura kilo 200 kafin ƙiftawar ido. Wayar ba ta nuna musu shekarun da ya kwashe yana koyo. Ba ta nuna musu mutanen da ke tsaye a gefensa, hannu a shirye. Yaro ya ajiye waya, ya kwanta a benci, ya kwaikwayi abin da ya gani.

A duk salon ɗaga nauyi, turawa a kwance bisa benci ta fi kusa da kisa. Dalilin a fili yake. Mai ɗagawa a tsaye, in abu ya fi ƙarfinsa, sai ya saki ya ja da baya. Na kwance ba shi da wurin gudu. Bayansa na kan katako, ƙarfe na bisa ƙirjinsa, tsakanin ƙarfen da maƙogwaronsa bai fi taƙi ɗaya ba. A watan Satumba na 2009, wani ɗan wasan ƙwallon Amurka na Jami'ar Kudancin Kalifoniya, Stafon Johnson, yana tura kimanin kilo 125 sai ƙarfen ya suɓuce ya faɗa masa a wuya. Maƙogwaron ya murƙushe. Likitoci sun shafe awa 7 suna yi masa aiki, ya yi makonni ba ya magana. Wannan fa a ɗakin motsa jiki na babbar jami'a ne, ga kayan aiki na gaske, ga mai horarwa a kusa, ga asibiti ba nisa. Ku auna da kangon da ke bayan gidanku.

Ku dubi babban yatsa. Yara da yawa suna riƙe ƙarfe da yatsu biyar duka a gefe ɗaya, babban yatsa bai zagaye bututun ba. Wasu su ce ya fi daɗi a wuyan hannu, wasu su ce haka suka ga manya na yi. Riƙon ganganci ne. Tafin hannu ya yi gumi, wuyan hannu ya ɗan karkata gaba, ƙarfen ya mirgino. Babu abin da zai tare shi. Ko wanda ke tsaye a kanka ba zai cafe shi a iska ba. Hukumar wasan ɗaga nauyi ta duniya da ake kira IPF ta haramta wannan riƙon a gasarta, dole babban yatsa ya zagaye ƙarfe. Zakarun duniya ke nan aka ɗora wa wannan doka. Riƙon daidai shi ne ƙarfen ya zauna a gindin tafin hannu, daidai bisa ƙashin hannu, ka matse shi gam, wuyan hannu a miƙe. In bututun yana santsi, goge hannunka ka shafa alli.

Sai masu yi su kaɗai. Akwai masu tashi bayan sallar asuba su yi nasu kafin gari ya waye, don kada a ga ƙaramin nauyin da suke ɗagawa a yi musu dariya. Akwai masu yi da dare a ɗaki, ƙofa a rufe. Na fahimci kunyar. Amma tura ta ƙarshe ba ta shawara da kowa. Ƙarfe ya sauko ƙirji, hannu ya ƙi tashi. Ka yunƙura, ya ƙi. Nauyin ya danne haƙarƙari, numfashi ya gagara, ihu ma ba ya fita don babu iskar yin sa. Ƙarfen ya soma mirginawa wajen da ya fi gangara, wato wuya. Ƙwaƙwalwar da ta rasa iska takan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6. Kafin uwa ta ce bari in leƙa yaron nan na ji shiru, an gama. A gasar IPF ba a barin mutum ya kwanta ƙarƙashin ƙarfe sai da masu tarbe aƙalla biyu a kan dandali. Kai da ke koyo, wa ya ce maka kana iya yi kai kaɗai?

Haɗarinmu ya ma ɗara na ƙasashen waje, kuma wannan ne ba a cika lura da shi ba. A ɗakunan motsa jiki na zamani, nauyin faya-fayai ne da ake zurawa a sanda. Wanda ƙarfe ya danne, in bai ɗaure su ba, yana iya karkata sandar su zube gefe ya tsira. Namu siminti ne da ya daskare da bututun. Ba ya zamewa. Ba ya zubewa. In ka karkata shi, gaba ɗayansa zai bi ka. Saboda haka duk bencin da ke Birni yana bukatar matari: ginshiƙai biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, tsayinsu ya ɗan gaza ƙirjinka in ka bankare, ya ɗara wuyanka. Mai walda zai haɗa su da guntayen ƙarfe cikin yini ɗaya. In babu kuɗin, a jera bulo masu ƙwari a kwance, a gwada da sandar da ba nauyi kafin a ɗora komai. Ƙarfe in ya kuɓuce, a kansu zai sauka.

Kayan kansu abin tsoro ne. Na ga bencin da ake shan shayi a kansa a fada, wato majalisar samari, da rana, da yamma a jawo shi a kwanta a ɗaga nauyi, ƙafarsa ɗaya tana rawa an tokare ta da dutse. Na ga bututun ruwa mai tsatsa da ya soma lanƙwashewa a tsakiya, simintin gefe ɗaya ya tsage an ɗaure shi da roba. Kankare in ya bushe, lita ɗaya takan kai kimanin kilo 2.4, wato gwangwani mai lita 5 kusan kilo 12 ne. Amma wa ya auna? Wannan gefen an cika tsakuwa, wancan an cika yashi, an zuba ɗaya yau an zuba ɗaya gobe. Bambancin kilo 2 tsakanin dama da hagu ido ba ya ganinsa, kafaɗa ce ke biya kullum. A ɗora tsakiyar sandar bisa wani ƙarfe a ga ko gefe ɗaya ya rinjaya. A kai ta sikelin masu hatsi a kasuwar Dole a san nauyinta, a rubuta a jikinta da fenti. Sandar gasa kilo 20 ce, an san ta, an san abin da za ta ɗauka. Taka ba wanda ya san iyakarta sai ranar da ta karye. Wadda ta tsage ko ta lanƙwashe, a fasa ta yau.

Kafaɗa ita ce ta fi yawan lalacewa, kuma a hankali take lalacewa har mai ita bai ankara ba. Yawancin yaranmu suna kwanciya a sake, gwiwoyin hannu a buɗe daidai da kafaɗa, suna saukar da ƙarfe kusa da wuya, wai don ƙirji ya fi buɗewa. A haka kan ƙashin dantse yana turowa gaba yana murzar jijiyoyin da ke riƙe da gaɓar. Jijiya kamar igiyar guga take: zare-zare bakin rijiya ke cin ta, sai ranar da guga ta cika ta rabu biyu. Da farko ɗan zafi ne in ka ɗaga hannu sama. Sai ka kasa kwanciya ta wannan gefen. Sai sa riga ma ya zama sai ka cije leɓe. Akwai kuma ciwon da likitoci suka sani ga masu yawan tura ƙarfe, inda ƙarshen ƙashin da ya haɗa wuya da kafaɗa yake zaizayewa. Ga wanda abincinsa ke hannunsa, birkila ko ɗan dako ko mai tura kurar ruwa, mutuwar kafaɗa yankewar abinci ce, tasa da ta iyalinsa.

Gyaran ba shi da wuya, amma da sanda marar nauyi ake koyonsa. Kwanta idonka daidai ƙarƙashin ƙarfe. Ja allunan kafaɗarka biyu baya su matso juna, ka danna su ƙasa wajen ƙugu, ka bar su haka har ka gama. Ƙirji zai taso da kansa. Kafa ƙafafu biyu a ƙasa daram. Kai da kafaɗu da ɗuwawu kada su bar benci. Riƙon ya ɗan fi faɗin kafaɗa, yadda in ƙarfe ya taɓa ƙirji, hannu daga gwiwa zuwa tafi zai tsaya a miƙe sama. Ko a gasa ba a yarda tazarar hannu biyu ta wuce santimita 81 ba. Gwiwoyin hannu su ɗan matso jiki, wajen rabin tazarar da ke tsakanin haƙarƙari da kafaɗa. Ja numfashi ka riƙe, sauke ƙarfen a hankali har ya taɓa ƙasan ƙirji daidai layin nono, ɗan dakata, sannan ka tura sama yana ɗan komawa wajen kafaɗa. Can sama za ka saki numfashi. Wanda ya bi wannan zai ga nauyin da yake iya ɗagawa ya ragu a makonnin farko. Kada ya karaya. Nan da 'yan watanni zai wuce inda yake da, kafaɗarsa kuma lafiya lau.

Buga ƙarfe a ƙirji don ya yi tsalle ya taimake ka wani ganganci ne, ƙashin ƙirji da haƙarƙari suna iya tsagewa. Ɗaga ɗuwawu daga benci kuma ƙugu yake ci. Mafi muni, tsokar ƙirji tana iya yagewa daga inda ta manne da ƙashin dantse. Likitocin ƙashi sun san turawa a benci ce kan gaba wajen jawo wannan rauni, galibi ga maza 'yan shekara 20 zuwa 40, galibi kuma lokacin saukar da nauyi mai yawa. Mutum yakan ji wani abu ya tsinke, hannu ya mutu nan take. Kashegari dantse da gefen ƙirji sun yi baƙi da taruwar jini, gaban hammata ya lotsa. Kada a ce targaɗe ne. Mai ɗori ba ya ɗinke tsoka, man zafi ba ya mayar da ita mazauninta. Aikin tiyata ne, kuma ya fi kyau a makonnin farko, kafin tsokar ta janye ta ƙanƙance. Wanda ya tsaya shafe-shafe har wata uku ya wahalar da aikin, ƙarfin kuma ba lallai ya dawo duka ba. A je babban asibitin ƙasa na Zinder a ranar. In aka ce sai Yamai, tafiyar kusan kilomita 900 ce, ga kuɗin mota, ga na aiki, ga watannin zama ba sana'a. Duk saboda kilo 10 da aka ƙara don a burge abokai.

Burgewar nan ita ce uwar matsalar. Ka tsaya kusa da benci ka saurara. "Ƙara masa, ai zai iya!" "Haba yaya, ɗaya ta rage!" Yaro fuskarsa ta kumbura, hannu na karkarwa, yana jin kunyar ya ce ya gaji. Wanda aka sa ya tarbe shi kuwa waya ce a hannunsa yana ɗaukar bidiyo. Tarbe amana ce. Mai tarbe ya tsaya bayan kai, ƙafafu a kafe, hannu biyu kusa da ƙarfe, ido a kan ƙarfe. A yi magana tun kafin a fara: sau nawa za ka tura, me za ka ce in ka gaza. In nauyin ya yi yawa, a ƙara mutum ɗaya a kowane gefe, su ɗaga tare, don in ɗaya ya riga ɗaya sandar za ta juye. Ƙannenku 'yan shekara 12 da 13 da ke leƙen ku, ƙashinsu bai gama ƙosawa ba. Su koyi salon da nauyi kaɗan a gaban babba. Kada wanda ya sa su gwajin wa ya fi wani.

Sauri ya haifi nawa. A gasar Olamfik ta naƙasassu da aka yi a Faris a 2024, 'yar Najeriya Folashade Oluwafemiayo ta tura kilo 167 a kwance, ta ci zinare, ta kafa tarihin duniya. Alƙalai uku na kallon ta. Ta sauke ƙarfen a natse, ya tsaya a ƙirji, ta tura. Shekaru ta yi tana gina wannan. Namu kuwa suna son a gani cikin wata ɗaya, suna kwanciya a benci kullum safe da yamma. Tsoka a lokacin hutu take ginuwa, tana bukatar kimanin awa 48 kafin a sake matsa mata. Sau 2 ko 3 a mako ya isa. Ka fara ɗumama jiki da ƙaramin nauyi. Sannan ka zaɓi wanda za ka iya turawa sau 5 zuwa 8 da salo mai tsabta, ka ajiye kana jin akwai sauran biyu a hannunka, ka huta ka maimaita sau 3 ko 4. Ƙarin nauyi kilo 1 ne ko 2 a lokaci guda. A nan ma siminti yana cutar mu, domin daga sanda mai kilo 40 sai mai kilo 60, babu komai a tsakani, kuma a wannan tsallen ake yagewa. A sa mai walda ya yanko ƙananan zobba na ƙarfe masu nauyi ɗaya da za a iya ɗaurawa gam a gefe biyu. Wanda kuma yake turawa kawai ba ya jan nauyi zuwa jikinsa, ba ya rataya ya ja kansa sama, kafaɗunsa za su ranƙwafo gaba, ciwon ya ƙaru. Bayanka shi ne abin da kake kwance a kai, ka gina shi kamar yadda kake gina ƙirji.

Ga ƙwaya. Wannan ta fi tayar mini da hankali. Wasu suna haɗiyar tramol kafin su kwanta, wai don kada su ji gajiya. Zafi shi ne ke gaya maka jijiya ta soma ci, tramol kuwa toshe shi yake yi, ka ci gaba da turawa a kan rauni. Yana kuma kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Likita ba ya wuce miligiram 400 a yini ga babba mai ciwo, ƙwayoyin kan titi kuwa akwai masu 200 da 225 a ƙwara ɗaya. Ku yi tunanin jijjiga ta kama mutum ƙarfe na bisa fuskarsa. Wasu suna shan deksa da sauran 'yan uwan sha-ka-fashe don su yi jiki. Kumburi ne, fuska da ciki ke tasowa, tsokar hannu da ƙafa tana zubewa, ƙashi yana rauni, sukari da hawan jini suna shigowa. Wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke rana ɗaya, ya ga likita ya rage masa a hankali. Alluran ƙara tsoka kuma suna sa tsoka ta riga jijiya girma, sai jijiyar ta tsinke. Suna taɓa zuciya da hanta, suna ƙanƙantar da maraina, suna rage maniyyi. Saurayin da bai yi aure ba yana cinikin haihuwarsa da faɗin ƙirji. In kuma ana karɓa-karɓar allura ɗaya, ga ciwon hanta ga ƙanjamau. Abin da tsoka ke nema yana kasuwa: wake, ƙwai, nono, awara, ƙuli-ƙuli, fara, nama in an samu, da isasshen barci.

Zafin garin nan ma abin lissafi ne. A watannin Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40, kuma kowa ya san yadda ruwa ke wuya a Damagaram. Wanda ya matsa wa tsoka fiye da kima cikin zafi ba tare da shan ruwa ba, tsokar tana iya narkewa ta zuba cikin jini ta toshe ƙoda. Alamarsa ciwon tsoka mai tsanani da kumburi, da fitsari baƙi-baƙi kalar shayi mai kauri. Wanda ya ga haka ya tafi asibiti a ranar, kada ya jira gobe, domin jinkiri shi ke kai mutum ga wankin ƙoda. Da azumi a bari sai bayan buɗa-baki. Mai sikila, da mai hawan jini, da wanda ya taɓa jin ciwon ƙirji ko jiri yana motsa jiki, su ga likita kafin su taɓa ƙarfe mai nauyi, domin riƙe numfashi ƙarƙashin nauyi yana ɗaga bugun jini sosai.

Iyaye, masu unguwa, shugabannin fada, ku ma akwai kuskuren da ke jiran ku. In kuka kori yaran, kuka farfasa musu kaya, ba za su daina ba. Za su koma ɗaki su rufe ƙofa, inda ba mai tarbe. Ku je ku ga bencin da idonku. Ku girgiza shi. Ku tambayi wa ke tsayawa a kan wa. Ku haɗa musu kuɗin matari. A kowace fada akwai wanda ake jin maganarsa, shi ya kafa doka: ba mai kwanciya shi kaɗai, ba mai kwanciya da ƙwaya a cikinsa.

In kuma ƙaddara ta afka, ƙarfe ya bugi wuyan wani, kada tashinsa ya ruɗe ku. Zai iya miƙewa ya ce ba komai. Ku saurari muryarsa. In ta dushe, ko haɗiyar yawu na yi masa wuya, ko ya yi tari da jini, ko wuyan ya soma kumbura, a kai shi asibiti nan take yana zaune. Kada a ba shi ruwa ko abinci. Kada a murza wuyan. In ya ce hannu ko ƙafa sun yi sanyi ko ba ya jin su, kada a ɗora shi a babur, a riƙe kansa kada ya motsa, a nemo mota a kwantar da shi a kan allo. Kumburin cikin maƙogwaro yana iya toshe hanyar numfashi awoyi bayan bugun, lokacin da kowa ya watse ya koma gida. Ko da ya rantse ya warke, likita ne zai sallame shi.